Kamun Kifi Da Fatsa A Yankin Kankiya Da Kusada: Bayani Ga Mai Son Farawa

Fatsa ita ce kamun kifi da ƙugiya da zare, watau a soka wa ƙugiyar abincin da kifi ke so, a jefa ta cikin ruwa, a jira. A cikin dukan hanyoyin su babu wadda ta kai ta sauƙin kuɗi, domin ba ta bukatar jirgi, ba ta bukatar taru, ba ta kuma bukatar taron jama'a. Mutum guda da sanda guda ya isa. Mun tattara wannan bayani ne domin mazauna karkara a ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, da kuma masu unguwanni, dagatai, malaman gona da ma'aikatan sashen gona na ƙananan hukumomi, waɗanda su ne ake fara kai wa kuka idan an sami saɓani ko asara a bakin ruwa.

Ruwan da muke da shi

Tsakaninmu da teku akwai fiye da kilomita 700 a miƙe. Kifin ruwan gishiri ba ya zuwa mana sai a ƙanƙare cikin kwali ko a cikin gwangwani. Abin da muke da shi ruwan daɗi ne, shi ma ba mai yawa ba. Tsakiyar Jihar Katsina tudu ce inda koguna ke farowa: waɗansu su gangara yamma su faɗa Kogin Rima, waɗansu su nufi gabas ta ƙasar Kano zuwa Kogin Haɗeja. Saboda haka rafukanmu na damina ne. Sukan cika daga wajen watan Yuli zuwa Satumba, sa'an nan su ja baya su bar gurabe nan da can a cikin rairayi.

Wuraren da mai fatsa zai iya zuwa iri huɗu ne. Akwai ƙananan madatsun ruwa na ƙasa irin waɗanda ke Kankiya da Kusada, waɗanda aka yi domin sha da shayar da dabbobi da noman rani. Akwai tafkuna da kududdufan bakin gari inda aka ɗebi ƙasar gini. Akwai ramukan da masu aikin hanya suka haƙa suka bari, musamman a gefen babbar hanyar Kano zuwa Katsina. Sai kuma guraben rafi bayan ɗaukewar ruwan sama. Wani babban ruwa da ke kusa shi ne madatsar Zobe da ke ƙasar Dutsin-Ma, a kan Kogin Karaduwa, wadda aka gama a 1983, mai iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 170, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A can akwai masunta na sana'a masu jirage. Amma wanda ke koyo ba ya bukatar zuwa Zobe. Hasali ma ƙaramin ruwa ya fi koyarwa, domin mutum yana iya zagaye shi da ƙafa ya san kowane lungu nasa. Wanda kuma ya yi niyyar tafiya can, ya fara tambayar halin da hanya ke ciki, kasancewar matsalar 'yan bindiga ta sha taɓa yankin Dutsin-Ma da Safana tun daga wajen 2019.

Kifayen da za a sa rai da su

Biyu ne ke cika kwandon mai fatsa a wannan yanki, tarwaɗa da karfasa, kuma halinsu ya yi hannun riga. Wanda ya gane bambancinsu ya gama rabin karatun.

Tarwaɗa kifin ƙasa ce. Ba ta da ɓawo, jikinta santsi ne, tana da gashin baki guda takwas waɗanda da su take laluben abinci a cikin laka da duhu, domin ba da ido ta fi dogara ba. Tana cin kusan kome: tana, ƙwari, ƙananan kifaye, kwaɗo, mushe. Ta fi fitowa kiwo da almuru, da dare, da kuma asuba. Allah ya hore mata wata gaɓa a cikin kai wadda take shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a kududdufin da ya yi kauri har sauran kifaye suka mutu, shi ya sa kuma ake kai ta kasuwa da ranta a cikin ɗan ruwa kaɗan. Da farkon damina, idan sabon ruwa ya malala cikin ciyawa, takan bi shi ta zuba ƙwai a can.

Karfasa kuwa kifin rana ce, mai faɗin jiki da ɓawo da ƙayoyi a gadon baya. Yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan tsirrai da ƙwarin ruwa, bakinta ƙarami ne, kuma tana da wayon tsinke abinci daga ƙugiya ba tare da ta haɗiye ba. A irin karfasar da ta fi yawa a madatsun Arewa, namiji ne ke share gurbi kamar ƙwarya a inda ruwa bai da zurfi, mace ta zuba ƙwai, sa'an nan ta kwashe su ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe. Duk wanda ya kama karfasa ya ga bakinta cike da ƙwai ko 'ya'ya, to ɗaruruwan kifin baɗi ne a hannunsa, ya mayar da ita ruwa ya fi masa riba. Sai dai akwai wani abu da ba kowa ya sani ba: a ƙaramin tafki inda babu mai cin 'ya'yanta, karfasa kan hayayyafa har abinci ya kasa, a wayi gari duka tafkin ƙanana ne masu girman yatsu uku, ba sa ƙara girma. A irin wannan ruwa rage su alheri ne, kasancewar tarwaɗa a ciki ma alheri ne.

Ban da waɗannan akwai gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka idan tafki ya ƙafe, ta lulluɓe kanta da majina ta kwanta har ruwa ya dawo. Tana cin fatsa, amma haƙoranta na iya yanke zare, suna kuma iya raba mutum da kan yatsa, don haka ba a sa mata hannu a baki ko da ta yi kamar ta mutu. A manyan ruwaye ana samun ƙurungu mai ƙaya uku masu kaifi, da kawara mai yawo a garke kusa da saman ruwa. Giwan ruwa da ake jin labarinsa a Argungu da Kainji na babban kogi ne, kada mai koyo ya sayi kaya da sunansa.

Kayan aiki

Sanda. Gora busasshiya mai tsawon mita biyu zuwa uku ita ce ta fi, domin ba ta da nauyi kuma kanta na lanƙwasa. Inda babu gora, miƙaƙƙen reshen dargaza ko geza ya wadatar. Sandar da ba ta lanƙwasa ita ke sa zare tsinkewa, domin duk fizgar da kifi ya yi a kan zaren take ƙarewa. Akwai sandunan kanti masu ƙarfen naɗe zare, suna da amfani ga mai jifa da nisa a babbar madatsa, amma a ganinmu kuɗinsu ya fi amfaninsu a kududdufi.

Zare. Zaren roba mai haske, wanda ake sayarwa a naɗe, shi ake so. A jikin naɗin ana rubuta kaurinsa. Mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.30 ya yi wa karfasa, mai 0.40 zuwa 0.50 kuwa na tarwaɗa ne. Tsawonsa ya yi daidai da tsawon sanda ko ya ɗara kaɗan. Idan ya wuce haka, ɗaga kifi zuwa gaɓa zai yi wuya. Kada a ɗaure shi a can ƙarshen sanda kawai. A fara ɗaure shi wajen tsakiya, a naɗo shi zuwa kai a sake ɗaurewa, yadda ko kan sandar ya karye kifi bai tafi da zaren ba. Rana tana cin zaren roba, saboda haka a ajiye shi a inuwa, a kuma riƙa shafa shi da yatsu, inda aka ji kaushi a yanke.

Ƙugiya. Nan ne yawancin masu farawa ke yin kuskure, domin kowa babba yake saye, yana zaton babbar ƙugiya ita ke kawo babban kifi. Ƙaramar ƙugiya tana kama babban kifi, amma babba ba ta shiga bakin ƙarami. A irin lambobin da aka saba gani a kasuwanninmu, yadda lamba ta ƙara yawa haka ƙugiya ke ƙara ƙanƙanta, sai dai lambar wani kamfani ba ta zama daidai da ta wani. Saboda haka a auna da ido: ta karfasa, buɗinta kada ya wuce ƙwayar dawa zuwa ƙwayar wake; ta tarwaɗa, kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa zuwa na manuniya. A gwada kaifinta a kan farce. Idan ta kama, ta yi. Idan ta zame, a wasa ta a dutse ko a canza. Mai tsatsa a binne ta, kada a yar inda yara da dabbobi ke takawa.

Nauyi da alama. Ana maƙala ɗan nauyi kamar taƙi guda a saman ƙugiya domin ta nutse. An saba amfani da dalma, amma muna jan hankali cewa dalma guba ce, kada a matse ta da haƙori, kada a narka ta a cikin gida ko a tukunyar abinci. Jama'a ba su manta da yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Ƙaramin noti na keke ko babur yana yin aikin. Alama kuwa ita ce abin da ke yawo a saman ruwa yana nuna cewa kifi ya taɓa: guntun totuwar kara, ko gashin fiffiken zabo, ko yankin tsohon silifa. Ƙarama ta fi, domin kifi yana jin nauyin babba ya saki.

Ɗaurin ƙugiya yana da ƙa'ida, domin zaren roba santsi gare shi, ƙullin igiyar guga ba ya riƙe shi. Idan ƙugiyar mai kafa ce kamar allura, a zura zaren, a naɗa bakinsa a jikin uwar zaren sau biyar ko shida, a dawo da shi ta 'yar ƙofar da ta rage kusa da kafar, sa'an nan a jiƙa da yawu a ja a hankali har naɗin ya taru. Idan marar kafa ce, mai faffaɗan kai, a kwantar da zaren a jikinta a yi gammo, a naɗe ƙugiyar da zaren tare sau bakwai, a zura baki cikin gammon a ja. Jiƙawar ba al'ada ba ce kawai: busasshen zare yana zafi wajen ja, ya raunana daidai wurin ƙullin. Bayan an gama a maƙala ƙugiyar a itace a ja da ƙarfi. Gara ta kwance a gida da ta kwance a bakin kifi.

Abincin ƙugiya

Ba sai an saya ba. Tana ita ce gaba da kome, tarwaɗa na ci, karfasa na ci. Da damina ana samun ta ko'ina. Da rani sai a tona gefen rijiya, bakin lambu, ko inda ruwan wanke-wanke marar sabulu ke kwanciya. A zuba ta a gwangwani da ƙasa mai laima a rufe da ganye, a ajiye a inuwa. Wajen sokawa a bi tsawon jikinta har ta rufe ƙugiya, a bar ɗan wutsiya yana motsi. Ga karfasa guntu kaɗan ya isa. Wanda ya sa mata tana guda cur, ciyar da ita kawai yake yi.

Gara da shinge suna da kyau ƙwarai ga karfasa da kawara, musamman daren da shinge ya tashi bayan ruwan farko. Fara da gyare ma haka. Ga tarwaɗa kuwa abu mai ƙarni ake nema, tunda da hanci take farauta: hanjin kaza, guntun hanta, gwazarmar juji, ko yankan ƙaramin kifi. Hanta tana saurin zamewa, sai a ɗan shanya ta ta yi tauri, ko a naɗe ta da zaren ɗinki. Waɗansu kan kwaɓa tuwon masara mai tauri da garin ƙuli-ƙuli, su mulmula kamar ƙwayar wake. Yana aiki, sai dai yana narkewa, dole a riƙa dubawa.

Akwai wata dabara mai sauƙi da ke bambanta mai dawowa da kifi da mai dawowa da labari. A kwaɓa dusa da ƙasa mai danƙo, a yi curi biyu ko uku, a jefa daidai inda za a zauna. Idan aka yi haka kwana biyu ko uku a wuri guda, a lokaci guda, kifaye sukan saba da wurin. Kada dai a zuba da yawa har su ƙoshi, kada kuma a zuba jini ko kayan ciki a ruwan da mutane ke sha.

Wuri da lokaci

Kifi ba ya zama a fili tsakiyar ruwa sai da dalili. A nemi bakin ciyawa, gefen bado, gindin itacen da ruwa ya ci, jikin duwatsu, da inda rafi ke shigowa madatsa yana kawo abinci. Kafin a fara, a auna zurfi: a matsa alama sama ko ƙasa har a gane inda nauyi ke taɓa ƙasa. Don tarwaɗa, abincin ya kwanta a ƙasa ko ya ɗaga da yatsu biyu. Don karfasa, ya tsaya a tsakiya, kamar kamu ɗaya zuwa biyu daga sama. Idan an yi kamar sulusin awa babu motsi, a canza zurfi. Idan har yanzu shiru, a canza wuri.

Lokacin da ya fi shi ne daga asuba zuwa hantsi, da kuma daga la'asar zuwa magariba. A shekara kuwa, kaka ita ce ta fi albarka, watau daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwa ya kwanta ya fara ja, kifi kuma ya yi ƙiba da abincin damina. Da hunturu, a Disamba da Janairu, ruwa kan yi sanyi, karfasa ta rage ci sosai, sai rana ta ɗaga ake samun ta. Da bazara kifi kan taru a sauran gurabe masu zurfi, kamun ya yi sauƙi, kuma a nan ne haɗarin ƙarar da iri yake.

A zauna shiru. Kifi yana jin takun ƙafa ta cikin ƙasa, yana kuma ganin inuwar mutum idan ta faɗa kan ruwa. Idan alama tana rawa kaɗan-kaɗan, karfasa ce ke tsinka, a dakata. Idan ta nutse ko ta kama tafiya gefe, a ɗaga sanda da wuyan hannu, ɗagawa guda mai kaifi, ba fizgar da za ta jefa kifi bayan mutum ba. Tarwaɗa takan ɗauka ta tafi da nauyi. A ba ta daƙiƙa biyu ko uku kafin a ɗaga. Idan babba ce kada a yi ƙoƙarin cira ta sama. A bar sanda a lanƙwashe, zare a miƙe, har ta gaji, sa'an nan a jawo ta kan gaɓa. A kama ta ta bayan kai, yatsu a bayan ƙayoyin nan biyu na gefe, domin sukarsu tana da zafi kuma tana saurin ruruwa.

Mai son tarwaɗar dare ba sai ya kwana a bakin ruwa ba. Ana kafa gajerun sanduna a gaɓa da yamma, kowace da zarenta da ƙugiyarta, a dawo da asuba a duba. Sharaɗi shi ne a sanar da masu ruwan, a guje wa mashayar dabbobi, a kuma ƙirga sandunan a kwashe su duka.

Lafiya da tsaron rai

Wannan sashe ya fi duk na baya muhimmanci. Ruwan da ya fi cin mutane a yankinmu ba babban kogi ba ne, kududdufi ne da ramin masu aikin hanya, domin bakinsu a tsaye yake kamar rijiya: taku guda ruwa na gwiwa, taku na biyu ya shanye mutum. Ƙasan madatsa kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Ƙugiyar da ta maƙale a ciyawa ba ta kai a shiga ruwa dominta ba, a tsinke zaren. Yaro kada ya je fatsa sai da babba. Kada a tsaya a kan mafitar ruwan madatsa lokacin da take ambaliya. Idan hadari ya taso da walƙiya a bar bakin ruwa, a kuma lura da wayoyin lantarki wajen ɗaga doguwar sanda. Wanda ya ga wani yana nutsewa, alhali shi bai iya iyo ba, ya miƙa masa sanda ko ya jefa masa jarka rufaffiya, kada ya faɗa.

Sai tsargiya, watau fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwan da ba ya gudu, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga. Ba ta hanyar cin kifi ake ɗaukarta ba, kuma ba alamar balaga ba ce kamar yadda ake faɗa wa yara maza a waɗansu ƙauyuka. Idan aka bar ta tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta, praziquantel, yana nan a asibitoci, ana kuma raba shi a makarantu. Babbar fa'idar fatsa a kan su na shiga ruwa ita ce mai fatsa yana iya gama aikinsa ƙafarsa a bushe. Wanda ya yi fitsari ko bayan gida a bakin tafki shi ke mayar da cutar cikin ruwa. Kurkunu kam an rabu da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka ga Nijeriya a 2013, amma wannan bai sa ruwan tafki ya zama na sha ba tare da tacewa da tafasawa ba.

Idan ƙugiya ta shige nama har kunnenta ya ɓace, kada a ja ta baya. A yanke zaren a tafi asibiti, a kuma tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki.

Bayan an kama

A zafin ƙasarmu kifi yana fara lalacewa cikin 'yan awoyi. Tarwaɗa a bar ta da rai a bokiti. Karfasa a sa ta a kwando a rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, da an isa gida a fasa ciki, a cire hanji da jan naman nan na ƙarƙashin kunne da take numfashi da shi, a wanke da ruwa mai tsabta. Abin da ba za a ci a ranar ba a sa masa gishiri a yi banda da wuta marar harshe, ana juyawa, har ya bushe ya yi ƙara idan an ƙwanƙwasa. Ƙungiyar da kamunta ya yi yawa tana iya gina murhun banda na laka mai tire-tire da ake ɗorawa bisa juna, irin wanda aka fara a Chorkor, wata unguwar masunta a Accra ta ƙasar Gana, wajen 1969. Yana cin itace kaɗan. Fesa wa busasshen kifi piya-piya ko wani maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa zuba wa mai saye guba ne, wankewa ba ta fitar da shi duka.

Doka, da abin da ya rataya a kan shugabanni

Tsarin Mulkin 1999 ya bar kamun kifin teku a hannun Gwamnatin Tarayya, ya cire na koguna da tafkuna da sauran ruwayen cikin ƙasa daga wannan jeri. Akwai kuma Dokar Kamun Kifi ta Ruwayen Cikin Ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, wadda ta haramta kamun kifi da nakiya, da guba, da wutar lantarki, ta hana amfani da raga mai ido ƙasa da milimita 76, watau inci uku, sai 'yan irin ragogin da ta keɓe, ta kuma ba hukumomin jiha ikon rufe wani ruwa na wani lokaci. Mai niyyar mayar da kamun kifi sana'a a babbar madatsa ya nemi bayanin izini a sashen kifi na ma'aikatar gona ta jiha. A ƙaramin ruwa kuwa, gaisuwa ga Sarkin Ruwa inda akwai shi, ko mai unguwa, ita ce mabuɗi.

Guba ita ce babbar musiba. A da magimfa ake dakawa a zuba. Daga baya aka koma Gamalin 20, wanda sinadarinsa, lindane, ya shiga jerin abubuwan da yarjejeniyar Stockholm ta hana a 2009. Yanzu kuma maganin feshin gona ne ya fi sauƙin samu. Kwalba guda tana kashe babba da ƙarami da ƙwai, ga shanu na sha, ga mata na ɗiba. Wanke injin feshi a bakin madatsa ma yana yin irin wannan ɓarnar ko da ba da niyya ba. Na biyu shi ne jan gidan sauro a ruwa: yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai farce ba, yaran da aka ba gidan sauron dominsu kuma su kwana a fili.

Ba sai an jira umarni daga Katsina ba kafin a tsara ƙaramin ruwa. Dagaci da masu unguwanni, tare da makiyaya da masu noman rani da masu ɗiban ruwa, suna iya zama su raba gaɓa: nan mashaya, nan wurin ɗiba, nan wurin fatsa. Suna iya hana taru da koma daga saukar ruwan farko har zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da kifi ke zuba ƙwai, su kuma keɓe gurbi mafi zurfi da ba a taɓawa da bazara domin ya zama iri. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Bikin su na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ya dogara ne a kan hana taɓa ruwan Matan Fada har ranar da aka buɗe shi. Manyan kifayen da ake ɗagawa a hoto amfanin wannan hanin ne.

Inda tafki ke riƙe ruwa wata shida ko fiye, ana iya zuba masa 'ya'yan tarwaɗa bayan ruwa ya zauna, a kwashe kafin ya ƙafe. Kafin a kashe kuɗin jama'a a kan haka a nemi shawarar malaman gona na hukumar KTARDA, ko sashen nazarin kifi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja. A kuma rubuta tun ranar zubawa wanda zai yi gadi, da ranar buɗewa, da yadda za a raba, a gaban shaidu, a ajiye kwafi guda a wurin dagaci, guda a sashen gona na ƙaramar hukuma.